Izinin Kulle Sarki

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Malaman da muke koyarwa tare a ƙaramar sakandare a Batsari sun sani, ɗalibai sun sani, matata kuwa ta fi kowa sani. Abin dariyar shi ne wasan da na zaɓa in koya wa yara ba ya shiri da mai zafin kai. Ces ake ce masa. Na koyo shi lokacin bautar ƙasa, wurin wani abokin ɗakina da ya shafe wata uku yana lallasa ni kullum kafin in ci shi sau ɗaya. Da na dawo gida aka ɗauke ni koyar da lissafi, sai na zo da allo biyu a jaka, na ce sai yaran garinmu sun iya.

Tsofaffin da ke dara a inuwar bishiyar bedi kusa da kasuwa su suka fara yi mini ba'a. Wani ya ce, "Malam, darar da ba gori, ba surutu, kowa ya tallabe haɓa? Wannan ai zaman makoki ne." Na bar su da dariyarsu. Kafinta ya yanka mana alluna uku a kan biyun da nake da su, wani masassaƙi ya sassaƙa mana 'ya'yan wasan, muka shafa wa rabi baƙin fenti. Sunaye kuwa yara ne suka raɗa. Sarki da sarauniya da doki ba gardama. Mai tafiya a karkace suka ce raƙumi ne. Na kusurwa mai kama da hasumiya suka ce ba su san wata hasumiya ba, rumbu ne. Ƙananan na gaba sojoji. In an tsare sarki ta ko'ina ba shi da gidan gudu, sai mu ce an kulle shi, wasa ya ƙare.

Duk Asabar da safe muke haɗuwa a wani aji na ƙarshen gini. Shekara guda muna haka, sai shugaban makaranta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma shi abin da ba a rubuta a jarrabawa ba bai ga amfaninsa ba. Ya ce 'yan aji uku na bukatar ɗakin don ƙarin darasi, kuma iyaye sun fara tambaya me 'ya'yansu ke yi da gumakan katako. A lokacin ina da aboki da ke koyar da wasan a wata makaranta a Safana, mun shirya karawa ƙarshen zango, yara biyar-biyar. Da na faɗa wa shugaban, sai ya ce, "To, madalla. Ku je. In kun ciwo, ɗaki naka ne. In kun kwaso kunya, ka ba ni makulli, mu rabu lafiya." Na ce na yarda, tun kafin in yi tunani. Haka nake.

A cikin yarana akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu, Bafulatana, daga wajen Ruma. Iyayenta sun taso cikin gari bayan harin da aka kai rugarsu. Ba ta da magana, kullum hannuwanta cikin hijabi, sai za ta motsa ɗan wasa take fiddo yatsu biyu. Amma tun wata na biyu na gane ba ni da kamarta. Tana ganin tafiya uku, huɗu a gaba. Sa'o'inta da waɗanda ta girma, cikin ɗan lokaci take gamawa da su. Matsalar ita ce in ta zauna da 'yan aji uku. Sai ta tsare su, ta cinye musu doki da rumbu, ta kai sarkinsu bango, daga nan sai wasan ya lalace a hannunta. Ta tura sarauniya inda za a ci, ko ta yi ta yawo da soja har abokin karawar ya farfaɗo ya kulle ta.

Na ɗauka ƙarshen wasa ne ba ta iya ba. Sati huɗu na yi ina jera mata 'ya'ya a allo, ina cewa nemo kulli a tafiya biyu, nemo a tafiya uku. Kafin in gyara zama ta nuna. Sai in haɗa ta da babba, ta sake zubarwa. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Wata Asabar na zaunar da ita gabana, na buga da ita da kaina, da gangan na bar sarkina a bayan sojoji uku ba mai tsaronsa. Rumbunta kawai za ta zuro layin ƙarshe, shi ke nan. Na ga idonta ya sauka a gidan. Na ga ya tsaya. Sai ta fiddo yatsun nan biyu ta tura wani soja can gefe da ba ruwansa da komai.

Na bugi tebur har 'ya'yan wasa suka zube. Na ce, "Kin gani ko ba ki gani ba?" Na ƙara ɗaga murya: "Da ke nake! Kin gani?" Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabi. Na sallami yara da wuri ranar, raina a ɓace, kuma ina jin kunyar kaina.

Har na kai gida na tuna na bar littafin darasina a aji, na juya babur na koma. Tun daga bakin ƙofar makaranta nake jin dariyar yarinya. Maigadinmu wani tsoho ne Babarbare da ya daɗe a Batsari, ya koyi wasan ta taga saboda yawan leƙe. Shi ne zaune a tabarma da allo a gabansa, yarinyar nan da ta gama kuka ɗazu tana durƙushe tana tafa hannu.

"Bawana, ɗauki sarkinka ka gudu!" in ji ta. "Au, ina za ka? Can ma raƙumina na nan. Na kulle! Sau uku ke nan, tsoho!"

"Ke tafi can, 'yar tallar nono," in ji tsohon. "Bari na yi maki don kar ki yi kuka."

Tana hango ni ta maida hannu cikin hijabi, ta gaishe ni, ta sulale. Na zauna a inda ta tashi, na ce wa tsohon yaya aka yi take kulle shi, alhali ya yi jika da ita. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

"Haba Malam, da iliminka? Ni Babarbare, ita Bafulatana, ai abokin wasanta ne ni. Ko hulata ta cire ba laifi. Amma kai malaminta, ko waɗancan da suka girme ta, ta dube su ta ce ta kulle? A gidansu ko sunan yayanta ba ta faɗi. Fulako ke nan, kunyar Fulani. Ba rashin iyawa ba ne."

Sati huɗu ina koya wa yarinya abin da ta fi ni sani. A garin nan aka haife ni, da Fulani na tashi, amma da yake wasan daga wani wuri na ɗauko shi, sai na manta su wa na kawo wa. Na ji haushin kaina ƙwarai. Har na yi tunanin in ce mata kakata Babarbariya ce, in huta. Sai na tuna yaran Safana duk 'yan aji uku ne, ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirƙira musu kakanni ba. Kuma in ba ta ci ba, lissafina ya nuna ba mu da wasa ukun da za mu ci cikin biyar mu yi nasara.

Na yanke shawarar in ga mahaifinta. Na same shi bayan la'asar a bayan gari, a wani kango da wani ɗan uwa ya ba su suka rufa da kwano. Dogon mutum ne siriri, yana ɗaure wasu shanu da daga baya na ji yawancinsu na mutane ne yake kiwo. Ya shimfiɗa mini buzu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina wuni?"

"Lafiya lau, Baffa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya iyali? Yaya yaran makaranta?"

"Alhamdu lillahi. Yaya dabbobi? Yaya kuma baƙunta?"

"To, da godiya. Baƙunta sai haƙuri."

Da muka gama, na kwashe labari na faɗa masa. Na ce 'yarsa Allah ya ba ta kai irin wanda ban taɓa gani ba, amma tana zubar da wasa da gangan in ta zauna da babba. Na ce ina so ya gaya mata a kan allo ba babba ba yaro. Na yi ta zuba, har da cewa zamani ya canja. Ya bar ni na gama, yana murza igiya a hannu.

"Malam," in ji shi, "ni na koya mata hakanan. Da muka taso daga Ruma, shanu sun tafi, ɗakuna sun ƙone, ko tabarma ba mu ɗauko ba. Abin da muka iso garin ga da shi ke nan, ɗiyata ta san babba. Shi ma kana so in ce ta aje?"

Maganar ta shige ni. Amma ban tashi ba. Na gyara zama, na ce ba na so ta ajiye komai. Na ce amma ya duba: in babba ya zauna da yaro ya ce yi iya yinka, yaron ya ɓoye ƙarfinsa, babban ya tashi yana murna ya ci, ashe ba shi ya ci ba, wannan girmamawa ce ko yaudara? Ya daina murza igiyar. Ya daɗe yana kallon shanun.

"In babban ya faɗa da bakinshi ya ba ta izini," in ji shi, "to ta ci. In bai faɗa ba, ban yarda ba."

Na karɓa hannu biyu. Da ma a ƙa'idar wasan musabaha ake yi kafin a fara, mu kuwa ba ma yi, tun da maza da mata ne. Sai na kafa sabuwar doka a ajina. Kafin a taɓa ɗan wasa, babba zai ce, "Na ba ka izini, yi iya yinka," ƙarami ya ce, "Na gode, Yaya." Ranar farko yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Amma kafin a tashi yarinyar ta kulle babban ɗalibina, wanda ya shekara yana cika baki shi ne gwani. Kuma ashe ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu yara biyu da su ma suke sassauta wa yayyensu ban lura ba. Sati na uku ta kulle ni, ni malaminta, bayan na ba ta izini da bakina. Na dubi allon na sake dubawa, ina neman gidan gudu, babu. Haushi da daɗi suka kama ni lokaci guda.

Ranar karawa muka shiga bas da sassafe. Direba ya ce in muna son ya dawo da mu, to kafin la'asar mu kamo hanya, don shi ba ya bin titin nan in rana ta yi sanyi. A Safana aka jera tebura biyar a wani babban aji, ɗalibansu suka cika tagogi. Na yi wa abokina bayanin dokarmu, ya yi dariya ya ce ba komai, zai gaya wa yaransa. Kuskurena shi ne ban ja wa nawa kunne ba. Suna karyawa tare da yaran can, bakinsu ya kasa shiru, suka ba da labarin yarinyar tun daga farko har ƙarshe.

Tebura huɗu aka ba da izini ana murmushi. A tebur na farko, inda gwanaye ke zama, ga yarinyata, ga gwanin Safana, wani dogon yaro ɗan wajen shekara goma sha shida, har gashin baki ya fara tsiro masa. Ya harɗe hannu a ƙirji ya ce, "Ni ban ba da wani izini. Ba ya cikin ƙa'ida."

Jinina ya hau kai. Wallahi da a ajina ne da ya ji a jikinsa. Abokina ya taso zai tsawata masa, na riƙe hannunsa. Gaskiyar yaron ce, ba ya cikin ƙa'ida. Kuma izinin da aka ƙwata da tsawa ba izini ba ne, ita ma ta sani. Na sunkuya na ce mata, "Zauna ki yi wasanki." Abin da na iya faɗa ke nan. Na koma bango na tsaya, don malami ba ya magana in an fara.

Ƙaramin cikinmu aka fara kullewa, tun ba a je ko'ina ba. Sai babban ɗalibina ya rama. Muka sake faɗuwa a tebur na huɗu, muka ci na uku da ƙyar bayan azahar. Biyu da biyu. Kowa ya watse daga sauran teburan ya zagaye na farko. Direba ya leƙo sau biyu yana nuna mini agogo.

Yaron ya iya wasa, ba zan rage masa ba. Amma da yake ya tabbata ba za a kulle shi ba, sai ya saki jiki, ya kwaso komai ya yi gaba, ya bar gida ba tsaro. Ita kuwa ta yi ta tarewa a hankali, ta cinye masa doki, ta cinye raƙumi, ta tura sarkinsa kusurwa. Ina tsaye ina lissafi da ita. Sai ga shi a fili: sarauniyarta za ta matsa gida ɗaya ta zauna gaban sarkinsa, raƙuminta na tsaronta daga nesa. Tafiya ɗaya. Abokina ya gani ya kalle ni. Yaran da ke taga ma wasu sun gani, aka fara ƙus-ƙus.

Hannuwanta na cikin hijabi. Ba ta fiddo su ba. Na san wannan zaman, na gan shi sau ba adadi, kuma na san abin da ke biyo bayansa, wani soja can gefe. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. A raina ina cewa ɗakin ya tafi, ya tafi ɗin, ko a gindin itace ne zan ci gaba. Amma ba ɗakin ne ya fi ci mini rai ba a lokacin. Abin da na kasa jurewa shi ne yaro ya gane tarbiyyarta ya mai da ita igiyar ɗaure ta, a gabana, ni da na kawo ta.

Sai ta ɗaga kai. Ban taɓa ganin ta kalli babba a ido ba sai ranar. Ta yi magana a hankali, amma duk ajin an ji.

"Yaya, ka ba ni izini."

Sai a lokacin ya dubi allon da kyau. Na ga fuskarsa ta canja. Ya duba dama, ya duba hagu. Da ya ce na ba ki, da ya tashi da mutuncinsa. Amma abokansa na taga suna kallo.

"Ban ba ki ba," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "To, ka yafe ni." Ta fiddo yatsu biyu, ta ɗauki sarauniya, ta ajiye gaban sarkinsa. Ba ta ce na kulle ba. Ta maida hannu cikin hijabi, hawaye na zuba.

Yarana suka ɓarke da ihu, har babban ɗalibina ya hau benci. Ni kaina na daka tsalle, ba zan yi ƙarya ba. A bas suka yi ta waƙa suna bugun kujeru tun daga Safana. Ita kaɗai ke zaune jikin taga ba ta shiga waƙar ba. Sai da muka hango Batsari ta juyo ta ce a hankali, "Malam, kai za ka gaya wa Baffa ko ni?"

Murnata ta koma ciki. Na samu ɗakina, amma ita ta taka maganar mahaifinta, kuma ni na ja ta har inda ta taka. In ya ce ta bar wasan, ba ni da bakin roƙo. Na ce, "Ni zan faɗa. Tare za mu je."

Ko gida ban biya ba. Muka same shi ya dawo kiwo yana ba shanu ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi ta shige ciki. Muka gaisa, gaisuwar ta yi mini tsawo ranar. Sannan na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce an hana ta izini, ta roƙa, an sake hanawa, ta ci. Na ce in akwai laifi nawa ne, ni ya kamata ya yi wa faɗa.

Ya ajiye bokitin. Bai kalle ni ba.

"Yaron ya san abin da na ce mata?"

"Ya sani, Baffa. Shi ya sa ya hana."

Wata saniya ta turo kai cikin bokitin, ya ture ta a hankali.

"Ta nemi gafara?"

"Ta nema."

"Kahin ta ci, ko bayan ta ci?"

"Kafin."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ɗauki bokitin ya nufi rijiya, ni ina tsaye ban san ko in bi shi ba ko in tafi. Ya yi taku kaɗan sannan ya tsaya, bai juyo ba.

"Ran Asabar ƙarfe nawa za ta zo?"

Na ce ƙarfe takwas.